Igiyar Kaba a Wuyan Karya

Ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai, mutane suna ta zancen sabuwar tuta da abin da za a yi a Jihar Arewa, ni kuwa abin da ya hana ni sakat wata 'yar igiya ce ta kaba da ko kamu ɗaya ba ta cika ba. Tana ɗaure a wuyan wata karya wadda ba tawa ba ce, ba kuma ta kowa ba.

A lokacin ina ɗinki a Tambuwal, cikin wani ɗan shago a bakin kasuwa, da keke mai ƙafa. Na yi elementare, na iya rubutun boko daidai gwargwado, saboda haka ba na awon riga da ido kamar sauran teloli. Ina da ɗan littafi da nake rubuta tsawo da faɗi a ciki, in sake aunawa, in sake dubawa. Masu kawo mini ɗinki sukan ce kafin in gama awon wando wani telan ya ɗinke shi har ya zura zariya. Ba ƙage suka yi mini ba. Haka aka halicce ni. In na rufe shago na kama hanya sai na dawo na girgiza kwaɗo, in na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannun hagu.

Gonata tana kan hanyar Jabo, tafiyar da mutum zai yi bayan la'asar ya dawo kafin magariba. Da aka kwashe gero da dawa a kakar nan, wasu Fulani suka nemi su sauka a cikinta, shanunsu su ci kara, ni kuma in samu taki. Abin da aka saba yi ne, babu wata doguwar magana. Nakan leƙa su jefi-jefi, wai na zo gaisuwa, amma a gaskiya so nake in ga ko shanun na kwana ta gefen da ƙasa ta gaji.

Akwai wata tsohuwa a rugar, ita ke kula da ƙwaryar nono. Akwai kuma wata 'yar kwikwiya ja mai farin ƙirji, kunnenta ɗaya a karye kamar wuyan rigar da ba a goge ba. Wani ya ɗaura mata igiyar kaba a wuya, sako-sako, irin ta wasa. Duk sa'ad da kwikwiyar ta matso kusa da ƙwarya sai tsohuwar ta ce mata, "Dillu." Ita kuma sai ta ɗaga kai ta dube ta, ta kaɗa wutsiya, ta kewaya bayan bukka. Na ga haka ya fi sau goma. Ba na jin Fillanci sai gaisuwa, amma na ce wannan ai ba ya bukatar tafinta: an kira suna, mai suna ta ɗaga kai. Har na rubuta a littafina, ƙarƙashin awon rigar wani mai gishiri, "Sunan kwikwiyar Fulani Dillu." Kada a tambaye ni dalili. Ni abu in ban rubuta shi ba, gani nake zai ɓace a ce laifina ne.

Da kara ya ƙare suka ɗaure kaya suka gangara wajen Kebbe neman ruwa da ɗanyen haki. Sai bayan kusan wata biyu na koma gonar don in baza taki. Ina cikin zagaya kufan rugar sai wani abu ja ya fito daga ƙarƙashin rusasshiyar bukka ya faɗa cikin sabara. Ita ce. Ban ce da gangan suka bar ta ba, ba ni da shaida. Wataƙila yawo ta tafi ranar tashi. Ta yi tsawo, ta rame, daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinta. Buzuzu da ƙadangare take ci, ruwa kuma sai ta saci jiki ta je ta lashi lakar bakin rijiyar wani lambu. Mutum kuwa ta sallama shi gaba ɗaya.

Ta tsaya can nesa tana kallona, a nan na lura da wuyan. Ni tela ne, na san yadda wuya ke yi in ya fi ƙarfin riga. Yaro in ya girma sai a kawo mini rigarsa in farke ɗinki in ƙara ƙyalle. Igiyar kaba ba ta da wannan sauƙin. Karya ta girma, igiya tana nan yadda aka ɗaura ta, ta cinye gashi ta fara shiga fata, ƙuda na bi. In ba a yanke ta ba, ita za ta yanke karyar.

Washegari na ɗinke bakin aljihun wani mutum ruf, sai da ya tsaya a kasuwa zai sa goro ya rasa ƙofa.

Matsalata ta farko ba karyar ba ce, ni ne. Tun ina yaro nake sauya hanya in na hango kare, ba don tsoron cizo ba, don sallata. Na tsaya bayan azahar har jama'a suka watse, na durƙusa gaban limamin unguwarmu, dattijo mai haƙuri wanda na daɗe ina ƙure haƙurinsa da tambayoyin alwala.

"Allah gafarta Malam, in mutum ya taɓa kare fa?"

"Wane karen?"

"Wani kare dai. A misali."

"To, a misali ya wanke hannu."

"In karen ya lashe shi?"

"Ya wanke wurin."

"Sau nawa, Allah gafarta?"

"Kai ko na ce sau ɗaya, bakwai za ka yi. Mi kaka so in ce?"

"In kuma numfashinsa ne kawai ya taɓa riga..."

"Tela," in ji shi, "tashi ka kai wa dabba abinci. Ita yunwa taka ji, kai kana nan kana awon numfashi. In ka dawo akwai ruwa a randa."

Matsala ta biyu matata ce. Na fara sacen sauran tuwon dare ina naɗewa a ganye. Kwana uku ba ta ce komai ba. A na fuɗu ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, tuwon nan da ke ɓacewa, ɓera ne ko aljani? Don in aljani ne, yana da ladabi, yana mayar da murfi."

Na so in shirya mata wata ƙarya, sai na fasa. A makaranta na sha bulala a kan 'yar lanƙwasar nan da ke raba ka da ƙa, ban ga dalilin da zai sa in yi ƙarya saboda karya ba. Na faɗa mata komai.

"Kare," ta ce. "Kai da ko mussa mai kamun ɓera ta goge ka sai ka duba riga." Ta yi dariya har ta dafa bango. Da na zo kan zancen igiyar sai ta daina dariya. Ta shiga ta ɗauko wani tsohon kasko da bakinsa ya ɓalle. "Ga nata. In ya sake shigowa gidan ga, da kai da shi za ku kwana waje." Daga ranar ita ke ware tuwon da hannunta, wani lokaci har da ɗan romo.

Haka na shiga aiki. Kullum bayan la'asar in rufe shago, in girgiza kwaɗo, in kama hanyar Jabo da tuwo da goran ruwa. In ajiye kasko a gindin wata 'yar aduwa, in ja da baya, in tsuguna, in gyara murya irin yadda ake yi wa jariri, in ce, "Dillu. Dillu, 'yar albarka. Dillu, ga tuwo."

Takan leƙo daga cikin sabara, hancinta na rawa, ta tako ƙafa ɗaya, ta tako ta biyu. Da ta ji na kira sai ta tsaya cik, ta dube ni, ta dubi kasko, ta sauke wutsiya ta koma bayan sabara ta zauna. Ba ta ci sai na yi nisa. Kullum haka.

Babu abin da ban zarga ba. Na ce farar riga ce ke razana ta, na koma zuwa da shuɗiya. Na ce hula ce, na riƙa cirewa ina zama kai buɗe tsakiyar gona, ina addu'ar kada wani ya wuce. Na fara karɓo ƙashi wurin wani mahauci da rumfarsa ke daura da shagona, yana tambayata ko miya matata ta daina sa nama. Tazarar da ke tsakanina da karyar kuwa ina aunawa da taku ina rubutawa: yau ashirin, gobe sha takwas, jibi kuma ashirin.

Akwai mako guda da mura ta kama ni, murya ta dushe, ko sallama da ƙyar nake yi. A makon nan ta matso har taku bakwai, ta ci tuwo ina zaune ina kallo. Murna kamar an yi mini kyautar sabon keke. Ranar da murya ta dawo na ce yau dai za ta ji kira mai daɗi, na sake ta sosai. Ta koma taku ashirin. Na buɗe littafi na yi nazari mai zurfi, na gano cewa ƙamshin citta da kanumfarin da matata ke dafa mini don mura take so. Na yi kwana biyar ina tauna citta lafiyata lau, har harshe ya daina jin gishiri.

Ana wannan wasan, igiya ba ta jiran kowa. Abin da ya fi cina a rai shi ne, tuwon da nake kawowa shi ke ƙara mata jiki, jiki kuma na ƙara cika wuya. In na ciyar da ita igiya ta matse, in na bari yunwa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta fara haɗiya da ƙyar. In ta sha ruwa sai ta yi tari, numfashinta na wata 'yar ƙara kamar iska a cikin kara. Na daina kawo ƙashi, matata ta koma dama tuwon ya yi ruwa-ruwa. Da na faɗa wa mahaucin nan gaskiya, ya ce a tara mutane a kewaye ta a rufa mata bargo, a gama cikin minti ɗaya. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Amma in aka kewaye ta ta ƙwace, ta bar gonar ke nan da igiyarta, ba mai sake ganinta.

Wata ranar kasuwa ina tsugune, hula a hannu, ina ta kirana, sai na ji an tsaya a bayana. Wata Bafillatana ce mai tallar nono, dattijuwa, rugarsu ba ta tashi, tana can gaba da gonata. Ita ke kawo wa matata nono, muna gaisawa. Ta biyo ta turbar gonar za ta gida, ƙwarya a ka.

"Kaɗo," ta ce, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, "mi ta yi maka?"

"Wa, Goggo?"

"Karyar ga. Ka ɗauko tuwo tun daga gari, ka zo kana korar ta."

"Ba korar ta nika yi ba. Kiranta nika yi. Sunanta ke nan."

"Wa ya faɗa maka?"

"Mai ita. Da kunnena na ji. Har na rubuta."

Na ciro littafi zan nuna mata. Ta sauke ƙwarya a hankali ta ajiye a ƙasa, ta gyara mata zama, sannan ta zauna ta fara dariya. Ta yi ta har da hawaye. Karyar ma ta leƙo ta ga abin da ke faruwa.

"Da da safe ne da ka sa na yi ɓarin nono," ta ce tana share ido. "Dillu ba suna ba ne, Kaɗo. Dillu, tafi. Tashi ka ba mutane wuri. Tun yaushe kaka faɗa mata haka?"

Na duba littafi. "Wata biyu da kwana shida."

"Kullum?"

"Ban da makon mura."

"To wallahi an yi mata tarbiyya. Wata biyu ana cewa ta tafi tana tafiya, ga tuwo tana kallo. Kai in an yi maka haka kwana biyu, za ka sake dawowa?"

Na rufe littafin. Na tuna duk sau nawa ta tako da yunwarta da ciwonta, ni kuma na tare ta da murya mai daɗi na ce ta koma, ta kuwa koma. Ashe ba tsorona kaɗai ba ne. Magana ɗaya ta rage mata ta mutane, ita take bi.

Goggo ta tsiyaya ragowar nononta a kasko. Ta tsuguna a karkace, kafaɗarta wajen sabara, idonta na kallon wani wuri daban, ta kaɗa harshe sau biyu ta ce can ƙasa-ƙasa, "War."

Kunnen nan mai lafiya ya miƙe. Karyar ta fito, jikinta na ɓari, tana tafiya tana tsayawa, cikinta kusa da ƙasa. Ba ta iso har wurin Goggo ba, amma ta iso kasko, taku fuɗu, ta sha nonon tana tari tana kallonmu ta gefen ido.

"War, zo ke nan," in ji Goggo. "Faɗi in ji."

"Wari."

"Ba wari na ce ba, ko da yake shi ma kana yi. Warin sabon yadi da man keke. Ita hayaƙin ruga ta sani da man shanu. War."

"Wara."

"Ku Haɓe ba ku iya rufe baki a ƙarshen magana ba. Sai kun ƙara mata wutsiya."

Sai da na faɗa ya kai sau ashirin ta ce to, karya dai za ta gane, ba Bafillace ba. Ta ce in daina zuba mata ido kamar mai awon riga, in riƙa ba ta kafaɗa, in bar hannuna a ƙasa a buɗe kamar na manta da shi. Ta ɗebo ɗan man shanu a ganye ta ba ni in riƙa shafawa a yatsu. Da za ta ɗauki ƙwarya na roƙe ta kada zancen nan ya je kasuwa. Ta ce haba, ita da wa za ta faɗa wa. Kafin kasuwa ta gaba har masu jakai sun sani. In na doso rumfar mahauta sai su haɗa baki cikin muryar lallashi, "Dillu, ɗan albarka, dillu, ga ƙashi."

Na ɗauka da na gyara kalma shi ke nan. Ba haka aka yi ba. Ranar farko da na ce "war" ta tsaya ta daɗe tana kallona, kamar tana so ta tabbatar ba wani sabon salon kora ba ne. Na ba ta haƙuri da Hausa, tunda ban san yadda ake yi da Fillanci ba. Kwana tara aka yi kafin ta ci tuwo hannuna yana kusa da kasko, kwana uku kuma kafin ta sunsuni yatsuna. Da ta ji man shanu ta lasa. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Na runtse ido na tuna akwai ruwa a randa.

A cikin kwanakin nan ina shiri a gida. Na kai ƙaramin almakashina maƙera aka dakushe masa tsini don kada ya soke ta, raina na ciwo don shi ne mafi kaifi a shagon. Na ɗiga masa mai don kada ya yi ƙara. Na riƙa ɗaura wa akuyar matata igiyar kaba ina yankewa da hannu ɗaya ba tare da na duba ba, in sake ɗaurawa in sake yankewa, har akuyar ta fara hawa kan turmi in ta ji sallamata.

"Malam," in ji matata, "kana neman yardar karya ka rasa ta akuya."

A gona kuma kullum in ajiye almakashin kusa da kasko, ta sunsuna shi ta saba, ya zama kamar cikin kayan abinci yake.

Ranar da na yi niyya hadari ya haɗu a gabas bai sauko ba, gari ya yi zafi shiru. Na zauna a karkace, na ce "war". Ta zo ta sa kai a kasko. Na ɗora hannu a bayanta na bar shi, sannan na bi da shi sannu har wuya. Wurin ya kumbura, da zafi, igiyar ta nutse ko'ina, babu inda yatsa zai shiga sai wajen ƙulli a ƙeya, inda ta ɗan ɗaga. Igiyar kaba zare biyu ne aka murɗa suka zama ɗaya. Na ce in bi ta yadda nake farke ɗinki, ɗaya bayan ɗaya. Na zura bakin almakashi ƙarƙashin na farko na matsa. Ya yanke. Ita kuma ta yi wani ƙaramin kuka ta zabura ta faɗa cikin sabara, kasko ya kife, zare na biyu yana nan a wuyanta.

Kwana biyu ba ta fito ba. Tuwo ya bushe a kasko, tururuwa suka yi biki. Na zagaya gonar ina "war, war" har maƙogwaro ya gaji. A shago na yanka hannun riga biyu duka na dama. Na tuhumi kaina da gaggawa, ni da ba a taɓa tuhumata da ita ba tunda aka haife ni.

A rana ta uku na je na zauna ban kira ba, don na fidda rai. Na daɗe. Sai na ji wannan 'yar ƙarar numfashin a bayana. Ta bayan aduwa ta ɓullo. Ban juya ba, na ajiye hannu a ƙasa a buɗe, na ce a hankali, "War." Ta zo. Ko kaskon ba ta duba ba, ta tsaya dab da gwiwata ta sunkuyar da kai.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na zura almakashi na yanke zare na biyu. Igiyar ba ta faɗi ba, ta manne a cikin ciwon, dole sai an ja. Na kama bakinta na fara ɓamɓarewa sannu-sannu. Da na kai ƙarƙashin maƙogwaro sai ta juyo ta kama wuyan hannuna da haƙora. Ba ta datse ba. Ta riƙe ne kawai, ina jin tsinin haƙoran da ɗumin bakinta, idonta a cikin nawa. Na tsaya. Ban san abin da ya sa ba, sai na ji ina cewa, "Saura kaɗan, Hajiya, ɗaga hannu," abin da nake faɗa wa masu awo. Ta sassauta. Na ja sauran ya fito.

Ta ruga can tsakiyar gona, ta girgiza kai, ta sake girgizawa, ta tsaya kamar tana sauraron wani abu. Sannan ta dawo ta sa baki a kasko. Na juye mata ruwan gora duka, ta shanye tas ba tari ko ɗaya. Na zauna ina jin ƙarar shan ruwan nan har ta lashe gindin kasko.

A gida na wanke hannu sau bakwai, na yi shakkar ko shida ne, na ƙara ɗaya. Igiyar na auna ta kafin in binne, taƙi ɗaya da yatsa uku, na rubuta.

Ciwon ya ɗauki makonni. Ina shafa mata man kaɗanya tana barina, in dai na fara da man shanu a yatsu. Gashi bai sake fitowa a wurin ba, ya bar mata wani farin zobe kewaye da wuya. Matata ta ce in ɗauki ragowar koren ƙyallen tutocin da na ɗinka wa 'yan makaranta in ɗaura mata, don a san tana da mai ita. Na ce wuyan nan ba abin da zai sake hawa kansa, ko alharini ne. Gari kuwa ba ta taɓa shiga ba. Takan rako ni har inda gonaki suka ƙare ta zauna, in na waiwaya tana nan. Da damina ta yi, ba akuyar da ta ci mini gero.

Da kaka Fulanin nan suka dawo daga wajen Kebbe suka sake sauka a gonar. Na yi kwana uku ina shirya abin da zan ce in sun nemi karyarsu, don tasu ce, ba ni da hujjar riƙewa. Na je gaisuwa bayan azahar, muka zauna a inuwa da tsohuwar nan, ƙwaryar nono a gabanta. Karyar ta fito ta tsaya tana sunsunar hayaƙin ruga, wutsiya na kaɗawa. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi farin zoben, ta kama baki. Ita kuwa ƙamshin nono ya ja ta, ta matso, ta ƙara matsowa, har hancinta ya kusa taɓa faifai.

"Dillu," in ji tsohuwar, don baki ya saba.

Karyar ta ɗaga kai ta dube ta, ta kaɗa wutsiya. Ta juya ta wuce bukka ba ta kewaya bayanta ba, ta zo ta kwanta a bayana, ta jingina da ni. Tsohuwar ta faɗi wata magana da Fillanci, matan rugar suka yi dariya, ba wanda ya tayar da zancen karɓar karyar. Ni dai ina zaune ban motsa ba, ina jin nauyinta a gadon bayana, ina lissafin ko zan samu sake riga kafin la'asar.